Sabon Tanki, Tsohuwar Cuta: Abin da Ke Kashe Kifayen Teku na Ado Bayan Ƙaura

Masu kiwon kifayen teku na ado a Amurka da Turai sun san wannan labari kamar yunwar cikinsu, domin wanda bai faru da shi ba, ya faru da abokinsa. Mutum yana da tankin gilashi mai cin lita 150 a falonsa, shekara biyu ko uku ba abin da ya taɓa samun kifayensa. Murjani ya yi girma har ya fara taɓa gilashi, kifaye sun fara takura wa juna, sai ya yanke shawarar sayen babban tanki mai lita 500. Ya tara kuɗi, ya sa aka ƙera masa mazauni mai ƙwari, tun da ruwan kaɗai ya haura rabin tan, ya dama gishirin teku kusan kilo 20, ya kira abokai ranar Asabar suka kwashe komai suka juye a sabon wuri. Da ya ga fili ya samu, sai ya biya ta kanti ya ƙaro kifi biyu. Makon farko lafiya lau. A na biyu ya lura wani kifi yana goga jikinsa da dutse. Kashegari fararen ɗigo suka bayyana a fiffikensa kamar an barbaɗa gishiri. Bayan kwana uku suka ɓace, hankalin mai tanki ya kwanta. Mako na zagayowa suka dawo, wannan karon a jikin kowa. Kafin wata ya ƙare rabin kifayen sun mutu.

Mai kanti ne aka fi ɗora wa laifi, wani lokaci kuma da gaskiyar mai zargi. Sai dai sau da yawa cutar tana cikin tsohon tankin tun da daɗewa, tana zaman lumana da kifayen, ƙaura ce kawai ta buɗe mata ƙofa. Abin takaicin ma shi ne, ranar ƙaurar ce rana mafi dacewa da mai tanki zai raba kifayensa da cutar baki ɗaya. Zumuɗin sabon tanki ke sa ya bar damar ta wuce.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban katafaren tankin Dubai Mall, ko ya shiga gidan kifin Fakieh da ke bakin teku a Jidda, ya ga babban yayan abin da ake magana a kai. Na gida ƙarami ne, amma ya fi wuyar sha'ani ta wani fannin. Bayan kifaye, akwai murjani mai rai a ciki, wanda dabba ce duk da kamarsa da dutse ko tsiro. Akwai katantanwa da jatan lande da ƙananan ƙaguwa. Akwai kuma abin da masu sana'ar ke kira dutse mai rai, wato dutsen farar ƙasa mai ramuka da biliyoyin bakteriya ke zaune a ciki suna sarrafa amoniyar da ke fita daga jikin kifi kafin ta zama guba. Gishirin ruwan ana tsayar da shi a giram 35 cikin kowane kilo na ruwa, kamar na teku, zafinsa kuma tsakanin digiri 24 da 26. A nan gizo ke saƙar: kusan duk maganin da ke da ƙarfin kashe ƙwayoyin cutar kifi, yana kashe murjani da katantanwa da jatan lande tun kafin ya gama da cutar. Saboda haka idan cuta ta shiga irin wannan tanki, ba a iya yi mata magani a ciki. Dole a fitar da kifayen, kuma fitar da kifi daga cikin duwatsun da murjani ya manne su da juna shekara da shekaru, aiki ne da ke nufin rushe tankin gaba ɗaya.

Ɗigon da ke zuwa ya tafi

Sunan ƙwayar da ke kawo farin ɗigo a ruwan gishiri Cryptocaryon irritans. A Japan aka fara ba da rahotonta a 1937, sannan a 1951 wata masaniya mai bincike a Landan, Eleanor Brown, ta raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau. Halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya, jikinta lulluɓe da ƙananan gashi da take iyo da su, kuma ko ta ƙoshi ba ta kai rabin milimita ba. Masu kiwon tarwada a nan gida sun san takwararta ta ruwan daɗi, wadda ake yaƙa da gishiri. Ta teku gishiri ne gidanta.

Wanda bai fahimci yadda take rayuwa ba, duk abin da zai yi kame-kame ne. Tana shiga ƙarƙashin fatar kifi, ko cikin gaɓar numfashinsa da ke ƙarƙashin murfin kumatu, ta zauna tana ci kwana 3 zuwa 7. Farin ɗigon da ake gani shi ne kumburin da fata ta yi a kanta. Idan ta ƙoshi sai ta saki kifin, galibi cikin dare, ta faɗa ƙasa, ta yi rarrafe na wasu awoyi har ta sami wuri mai tauri, dutse ko yashi ko gilashi ko bayan katantanwa, ta manne, ta yi wa kanta kwanso. A cikin kwanson take rarrabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su kai ɗari biyu ko fiye. Yawanci tsakanin kwana 3 da 28 kwanson ke fashewa, ’ya’yan su fito suna iyo suna neman kifi. Waɗannan ba su da tsawon rai. Wanda bai sami masauki cikin kwana ɗaya ko biyu ba ya mutu, kuma ƙarfinsu na kama kifi ya fi yawa a awoyin farko. Bincike ya nuna sun fi fitowa daga tsakar dare zuwa safiya, lokacin da kifi ke kwance cikin raminsa, kusa da wurin da iyayensu suka faɗa tun farko.

Makiyayi zai gane wannan da wuri, domin halin kaska ke nan. Ta sha jini ta ƙoshi ta faɗo ƙasa ta zuba ƙwai, ’ya’yanta su hau ciyawa suna jiran saniya ta gifta. Wanda ya tsince kaskar da ke jikin saniya bai taɓa waɗanda ke cikin ƙasa ba, sai ya ɗauke garken daga wurin ya bar shi ya huta har yunwa ta kashe su. A teku, cikin ɗaruruwan ’ya’yan nan da wuya ɗaya ta dace da kifi, saboda faɗin ruwa. A cikin akwatin gilashi kusan kowace ɗaya tana samu. Ɓacewar ɗigon bayan kwana uku, wadda ke sa mai tanki ya ce tafarnuwar da ya zuba a abinci ta yi aiki, ba waraka ba ce. Ƙwayoyin sun sauka ne su hayayyafa.

To me ya sa tsohon tankin ya shekara uku ba a ga komai ba? Kifin da ya kamu ya tsira yakan sami wata garkuwa a jiki, wadda gwaji ya nuna tana iya kai wata shida. Ba ta hana kamuwa ɗungurungum, tana dai rage yawan ƙwayoyin da ke iya zama. Sai ya zamana ɗaya ko biyu ne ke maƙale cikin gaɓar numfashi, inda ido ba ya gani, suna sauka suna hawa, garkuwar kuma tana sabuntuwa. Wannan zaman na iya ɗaukar shekaru. Ranar ƙaura aka bi kifi da koma aka goge masa yauƙin da ke kare fatarsa, aka bar shi awa shida cikin bokiti ruwa na hucewa, aka jefa shi wurin da bai san ramin ɓuya ba, kowa na faɗan kafa sabuwar iyaka, amoniya ta ɗan ɗaga saboda an girgiza bakteriya. Garkuwa ta faɗi. Ga kuma baƙi biyu daga kanti waɗanda ba su da garkuwar irin cutar gidan ko kaɗan, su ma wataƙila da tasu tsarabar.

Tsarabar kuwa tana da dogon tarihi. Mafi yawan kifayen teku na ado ana kamo su ne daga Indonesiya da Filifin. Daga hannun masunci su je wurin dillali, daga nan gidan mai fitarwa a Bali ko Jakarta ko Manila, su kwana cikin leda a jirgi, su sauka a manyan ɗakunan ajiya irin waɗanda ke kusa da filin jirgin Los Angeles, inda kifayen tekuna daban-daban ke shan ruwa ɗaya mai zagayawa. Wasu ’yan kasuwa suna zuba ɗan maganin jan ƙarfe a ruwansu, wanda bai kai ya kashe cutar ba amma ya isa ya danne ta. Kifi ya yi fes a kanti, a kai shi gida cikin ruwan da ba magani, sai abin ya fito. Ire-iren kifin da ake kira tang, ciki har da shuɗin nan Paracanthurus hepatus da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yara suka sani da sunan Dory, su ne kan gaba wajen kamuwa. Kuma su ne daidai kifayen da mutum ke sayen babban tanki dominsu, saboda suna son filin iyo.

Waɗanda suka fi farin ɗigo sauri

Farin ɗigo ya fi suna, amma ba shi ya fi kisa ba. Amyloodinium ocellatum, wadda Brown ɗin nan ta bayyana tun 1931, tana bin irin wancan zagayen, sai dai kwansonta ɗaya na iya fitar da ’ya’ya 256, kuma gaɓar numfashi take fara kamawa. Kifi ya riƙa haki, ya tsaya a bakin famfo inda ruwa ke bugowa da ƙarfi, ya guji haske, ya daina ci. Kafin a ga ƙurar da take lulluɓe fata da ita, mai ruwan zinariya-zinariya, sau da yawa bakin alƙalami ya bushe. Tana iya share tanki cikin ’yan kwanaki. Akwai Brooklynella hostilis da aka bayyana a 1970, wadda ta fi addabar kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamara, Nemo na cikin fim, musamman wanda aka kamo daga teku. Fatarsa takan yi kamar tana saɓulewa. Akwai Uronema, mai fitar da jan gyambo a jikin ƙananan kifaye koraye da ake kira chromis. Ita wannan ba ta ma buƙatar kifi don ta rayu, tana cin bakteriya da ruɓaɓɓen abinci, don haka barin tanki ba kifi ba ya kashe ta.

Sai tsutsotsi masu faɗi, waɗanda Neobenedenia ce fitacciyarsu. A jikin kifi ba su da launi, ido ba ya kama su. Alamarsu ita ce kifi ya riƙa girgiza kai ko idonsa ya yi hazo. Hanyar gano su tana da ban sha'awa. A sami roba mai duhun launi, a zuba ruwan daɗi marar kulorin wanda aka daidaita zafinsa da tsaminsa da na tanki, a sa masa iska, a tsoma kifin minti biyar. Da farko zai kwanta a gefe kamar ya mutu, abin da kan tsorata sabon shiga ya cire shi da wuri. Wajen minti na uku sai a ga wasu abubuwa girman ƙwayar riɗi sun fara yin fari a kan fatarsa da idonsa, suna saki suna faɗawa gindin robar. Kifin da aka rantse lafiyarsa ƙalau kan zubar da goma ko ashirin. Wankan bai warkar da shi ba, domin akwai ƙwai a tanki, amma ya faɗi gaskiyar abin da ke akwai.

Ranar da kowa ke hannu

Kifi na ganinka, mai jar koma. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kama kifi ɗaya cikin tanki mai duwatsu ya san da zarar koma ta taɓa ruwa kowa ya shige rami, har wanda kullum ke cin abinci a hannu. Ranar ƙaura ce kaɗai ake ɗebe murjani, a fitar da duwatsu, a rage ruwa ya dawo taƙi ɗaya, kifaye su rasa wurin ɓuya. Wahalar da ke hana mutane magance cuta an riga an sha ta. Abin da ya rage shi ne a yanke hukuncin inda bokitin kifayen zai nufa: sabon tanki, ko tankin killacewa.

A ganina amsar a fili take, ko da kuwa mai tanki bai taɓa ganin ɗigo ɗaya ba, muddin akwai kifi ko murjani da ya taɓa shiga tsohon tankin ba tare da an killace shi ba. Duwatsu da murjani da katantanwa su tafi sabon tanki, kifaye su tafi wani wuri dabam, a raba su na tsawon lokacin da zai sa duk kwanson da ke manne ya fashe, ’ya’yan su fito su rasa masauki.

Tankin killacewa ba abin ado ba ne. Gilashi ne ko babbar roba, gindinsa tsirara ba yashi ba dutse, domin farar ƙasa tana tsotse magani ta ɓata awo. A jefa guntayen bututun roba na masu aikin famfo don kifi ya sami wurin ɓuya, a sa hita, a sa iska, a rufe shi da murfi saboda kifin da ya firgita yana tsalle. Abin da ya fi kashe kifi a nan amoniya ce, ba cuta ba. Shi ya sa ake shirya soson tace ruwa makonni kafin ranar, a bar bakteriya su kama shi, kuma a tanadi damammen ruwan gishiri a ajiye don canji. Tsohon tankin ma, bayan an kwashe shi an wanke, yana iya yin wannan aiki, sai dai wanda ya taɓa shan jan ƙarfe mutane da yawa ba sa yarda su sake sa murjani a cikinsa. Komar tankin killacewa dabam, tiyonsa dabam, bokitinsa dabam, kuma masu sana'ar suna ba da shawarar a nisanta shi da babban tanki kamar mita uku, domin feshin da kumfar iska ke yi yana iya ɗaukar ƙwayar cuta. Jiƙaƙƙen hannu ma ya isa.

Tsohon yashi, a bar shi. Ƙasansa cike yake da dattin shekaru, kuma idan aka tona shi yakan saki iska mai warin baragurbi wadda guba ce ga kifi. Sabon yashi ya fi arha a kan abin da tsohon zai jawo. Duwatsu kuwa kada su bushe, a ajiye su cikin ruwan tanki da famfo yana motsa shi, in ba haka ba bakteriyar da ake taƙama da su za su mutu.

Akwai haɗarin da ya shafi mutum kansa, wanda bai kamata a tsallake ba. Wasu nau'o'in murjani masu laushi, dangin Palythoa, suna ɗauke da dafin da ake kira palytoxin, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi da aka sani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton mutanen da suka kwanta rashin lafiya a Alaska tsakanin 2012 da 2014 bayan sun shaƙe shi a gidaje da kantunan kifi. A 2018 a yankin Oxfordshire na Ingila, iyali guda da wasu ’yan kwana-kwana sun tsinci kansu a asibiti bayan ɗaya daga cikin iyalin ya kankare duwatsun tankinsa a wajen ruwa. Safar hannu da tabarau wajibi ne, tagogi a buɗe, kuma ko da wasa kada a zuba wa dutse mai rai tafasasshen ruwa da sunan kashe ƙwari, domin tururin ne ke kai dafin huhu.

Magungunan, da inda kowanne ke cizo

Jan ƙarfe shi ne tsohon makami, kuma har yanzu shi aka fi dogara da shi kan farin ɗigo da Amyloodinium. Ba ya kaiwa ga ƙwayar da ke ƙarƙashin fata, ba ya ratsa kwanso. ’Ya’yan da ke iyo yake jira. Ma'anar wannan ita ce dole ƙarfinsa a ruwa ya tsaya cak dare da rana, yawanci kwana 30. Idan ya sauka na ’yan awoyi saboda an canza ruwa ba a ƙara magani ba, kuma aka yi rashin sa'a kwanso ya fashe a wannan tsakani, lissafi ya koma farko. Idan ya haura, kifi ya daina ci, hantarsa da gaɓar numfashinsa su lalace. Tazarar da ke tsakanin magani da guba siririya ce, kuma kowane samfuri da ma'auninsa: Cupramine ana tsayar da shi wajen miligiram 0.5 a lita, Copper Power kuwa tsakanin 2 da 2.5. Wanda ya ɗauki adadin wannan ya yi aiki da shi a kan wancan ya gama da kifinsa. Ba a yin aikin da ka, sai da na'urar awo, kullum. Ana ɗaga shi a hankali cikin ’yan kwanaki in ba gaggawa. Wani tarko da ya ci mutane da yawa shi ne zuba maganin daƙile amoniya cikin ruwan da ke da Cupramine. Haɗuwarsu tana mayar da jan ƙarfen wani nau'i mai tsananin guba, kuma kamfanin da ke yin sa da kansa ya yi gargaɗi a kai.

Magunguna biyu daga cikin na masu tankin, mu nan mun san su a asibiti. Kulorokwin, wanda aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro kafin ƙwayar zazzaɓin ta daina jin sa, yana kashe farin ɗigo da Amyloodinium a kusan miligiram 10 a lita. Ya fi jan ƙarfe sauƙi ga wasu kifaye, amma haske yana lalata shi, ba a iya auna shi a gida, wasu kifayen kuma ba sa jure shi. Na biyun shi ne praziquantel, ƙwayar da ake raba wa ’yan makaranta don tsargiya. Shi ne maganin tsutsotsi masu faɗi, wajen miligiram 2.5 a lita. Ba ya taɓa ƙwansu, don haka ake maimaitawa bayan kamar mako guda, lokacin da suka ƙyanƙyashe amma ba su kai ga yin nasu ƙwan ba. A ƙara iska sosai idan an zuba shi. Brooklynella kuma wankan fomalin take ji, sinadarin da ke bukatar safar hannu da ɗaki mai iska.

Ana iya yaƙar farin ɗigo da rage gishiri, a saukar da ma'aunin nauyin ruwa daga 1.026 zuwa 1.009 na tsawon wata guda. Kifi yana jurewa, ƙwayar ba ta jurewa. Amma kuskuren awo kaɗan ya isa ya rusa aikin, kuma Amyloodinium ko a jikinta.

Hanyar da ta fi burge ni ba ta da magani ko ɗigo. Tushenta binciken da Angelo Colorni ya wallafa a 1987 daga cibiyar kiwon kifin teku da ke Eilat, a bakin Bahar Maliya. Lissafi ne kawai. Ƙwayar ba ta wuce kwana 7 a jikin kifi, kwanso kuma ba ya fashewa kafin kwana 3. To idan aka ɗauke kifin daga tanki kafin awa 72 su cika, aka sa shi cikin wani tanki mai sabon ruwa, duk abin da ya sauka daga jikinsa an bar shi a baya bai kai ga ƙyanƙyashewa ba. A wanke na farkon da bilic, a shanya shi ya bushe ƙayau, domin bushewa tana kashe kwanso. Bayan kwana uku a mayar da kifin ciki, a wanke na biyun. Sau huɗu, kwana 12 zuwa 13, kifi ya fita tas. Tana cin ruwan gishiri da lokaci, kuma wanda ya makara da rabin yini ya ɓata rawarsa da tsalle. Tazarar awa 72 kuma ta yi wa Amyloodinium tsawo, ita zagayenta ya fi sauri.

Kwana 76

Yayin da kifaye ke shan magani, sabon tanki yana zaune da murjaninsa ba kifi. Adadin da aka fi ambata shi ne kwana 76. Asalinsa rahoton da ya nuna an taɓa samun kwanson da ya kai kwana 72 kafin ya fashe, a ruwa mai ɗan sanyi, sai aka ƙara ’yan kwanaki don kwanciyar hankali. Wasu na cewa idan an ɗaga zafi zuwa digiri 27, kwana 45 sun isa, kuma hujjarsu tana da ƙarfi tun da zafi yana hanzarta zagayen. Ni dai wanda ya riga ya jure mako shida, ban ga dalilin da zai sa ya yi caca da sauran kusan biyar ba. Ga Amyloodinium kaɗai, mako shida ake ƙirgawa.

Ƙirgen yana farawa ne daga ranar da kifi na ƙarshe ya fita. A nan ake yawan tafka asara: ɗan ƙaramin kifi mai zaman rami ya lafe cikin dutse, aka ɗauke shi tare da dutsen aka sa a sabon tanki ba a sani ba, sai bayan mako biyar a hango shi da dare yana leƙe. Shi kaɗai ya isa ya ciyar da cutar duk tsawon lokacin. Haka kuma duk sabon murjani ko katantanwa da aka sayo daga tankin da ke da kifi, ba ya kamuwa, amma kwanso na iya manne a gindinsa. Idan ya shiga, ƙirge ya koma ɗaya. Tsoma murjani cikin ruwan maganin ƙwari da ake yi kafin a dasa shi yana kashe tsutsotsin da ke cin murjanin ne, ba ya ratsa kwanson farin ɗigo. A riƙa jefa ɗan abinci a tankin kowane kwana biyu ko uku don bakteriya su sami abin ci. Gansakuka za ta ɗan yi yawa tun da masu kiwonta ba sa nan, ƙananan halittun da kifi ke cinyewa kuma za su cika duwatsu, wanda alheri ne.

Ba kowa ya yarda da wannan duka ba, kuma masu ja suna da abin faɗa. Akwai tsofaffin hannu da ke cewa killacewa ta kashe kifi fiye da cuta, cewa kifin da ke cin abinci mai kyau cikin tanki marar cunkoso yana zama da farin ɗigo shekara goma lafiya, musamman idan akwai fitilar kashe ƙwayoyi da ruwa ke ratsawa. Gaskiya ne akwai irin waɗannan tankuna. Gaskiya ne kuma wasu kifaye, irin mandarin da ba ya cin komai sai ƙananan halittun cikin dutse, tsiraran tanki yunwa ce a gare su, wasu kuma sai an sa musu kwanon yashi su kwana a ciki. Amma fitilar tana rage yawan ’ya’yan ne, ba ta ƙarar da su, kifin share fata da jatan landen da ake saya don wannan aiki ba sa kaiwa ga abin da ke ƙarƙashin fata, kuma zaman lumanar yana ƙarewa ranar da wuta ta ɗauke ko hita ta lalace. Mafi muni, dabarar ba ta aiki ga Amyloodinium. Manyan gidajen kifi da jama'a ke ziyarta da na gidajen namun daji, waɗanda ke da likitoci da kayan aiki, ba sa sa sabon kifi cikin tankin nuni sai ya yi aƙalla kwana 30 a killace.

Wani sauƙi da aka samu a ’yan shekarun nan shi ne kifayen da aka haifa a gona. Nemo an daɗe ana ƙyanƙyasarsa. A 2015 cibiyar Oceanic Institute ta Hawai ta yi nasarar renon tang mai ruwan ɗorawa, a 2016 kuma ɗakin binciken Jami'ar Florida ya yi na shuɗin. Irin waɗannan suna barin gona da ƙarancin cuta, sai dai idan sun bi ta ruwan kanti ɗaya da na daji, sun zama ɗaya da su.

Idan kwanakin sun cika, ba a juye kifaye gaba ɗaya. Bakteriyar sabon tanki sun saba da ɗan abinci, sai a riƙa mayar da biyu-biyu ko uku-uku, da tazarar kwanaki, ana auna amoniya. Masu sanyin hali su fara shiga su kama ramukansu, masu faɗa irin tang su zo daga ƙarshe, in da hali a fara sa su cikin akwatin roba mai huji a cikin tankin kwana biyu, a ga juna ba a taɓa juna ba. Kafin a ɗauko kowane kifi daga inda aka yi masa magani, a cire jan ƙarfen da gawayin tace ruwa da canjin ruwa, a bar shi mako biyu cikin ruwa marar magani ana kallonsa, domin idan akwai abin da ya tsira a lokacin zai nuna kansa. Ruwan tankin killacewa kada ya bi shi. Baƙi biyun da aka yi marmarin saya ranar ƙaura kuwa, sai bayan ’yan gida sun koma sannan a sayo su, su ma su yi nasu watan a tsiraran tankin.